Harafin da Na Cire daga Waƙar Inna Jaji

Ina aji huɗu na firamare aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, kuma abin da na fi tunawa daga wancan lokaci shi ne yadda Birnin Kebbi ta cika da ma'aikatan da aka maido gida, kowa yana neman ɗakin haya da wanda zai buga masa takarda. Mahaifina ya rasu ina aji uku na sakandare, karatu ya tsaya, sai kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai buga wa jama'a takardun koke da tafireta. A nan na koyi bugu, daga baya da kwamfuta ta shigo gari na koma wani shago inda ake buga wa ɗalibai da ma'aikata aikinsu. A wannan shago ne na haɗu da mutumin da zan riƙa kira Malam a cikin wannan labari, domin haka kowa yake kiransa, kuma iyalinsa ba su son a ambaci sunansa.

Malam tsohon malamin Hausa da Larabci ne. Ya kawo mini wata waƙa da ya rubuta da hannu domin a buga masa, ni kuwa da na zo kan kalmar da ban tabbatar ko da ƙugiya take ko babu ba, sai na tashi na same shi a kan benci na tambaye shi. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce shekara da shekaru yana kai bugu, ba a taɓa tambayarsa wannan ba. Bayan 'yan watanni ya yi ritaya, ya karɓi garatutinsa, ya aiko a kira ni.

'Yan'uwansa sun so ya sa kuɗin a noman shinkafa a fadama, ko ya sayi mota ta riƙa jigila tsakanin Birnin Kebbi da Jega, kuma a ganina shawarar ba ta da laifi, domin mutum ne mai iyali. Shi kuwa ya kama shago mai ɗaki biyu, ya sayi kwamfuta ɗaya ta hannu, da injin fotokwafi, da injin yankan takarda da ake dannawa da hannu, da ƙaramin janareto, ya ce ya buɗe maɗaba'ar waƙoƙi. Dalilinsa bai taɓa sauyawa ba har ya bar duniya. Yakan ce ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a cikinta, ya yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma kabarinsa yana nan Gwandu, bai kamata a ce mawaƙanta suna mutuwa takardunsu na cikin gafaka gara tana ci ba. Yakan kawo misalin Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega, amma a Kano sunansa ya fito, kuma a Zariya aka buga diwaninsa. Malam yana girmama Zariya ƙwarai, domin can ne aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, can ne kuma aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, wanda littattafansa suka raine mu duka. Abin da yake cewa shi ne, wanda ya kai Zariya ya tsira, to liman na ƙauye da tsohuwa mai koyar da mata da masunci mai tsara baiti a cikin jirgi, wa zai kai su?

Waƙa ba ta taɓa ciyar da shagon ba, kuma gara in faɗi haka tun da wuri domin wanda yake sha'awar shiga wannan aiki ya sani. Abin da yake biyan haya da man janareto da ɗan albashina shi ne katin biki, da rasit na 'yan kasuwa, da takardun jarrabawar makarantun Islamiyya, da kalandar saukar Alƙur'ani. Malam yana da wani gwangwanin madara a cikin aljihun tebur, kowane aiki aka biya sai ya cire kashi ɗaya cikin goma ya jefa a ciki, ya ce rabon waƙa ne. Idan gwangwani ya yi nauyi sai mu buga littafi. Wata shekara mu fitar da biyu, wata shekara ɗaya, akwai shekarun da ba mu fitar da ko ɗaya ba. Lokacin zaɓe ne kuɗi suke shigowa, kuma muna buga fastoci kamar kowa, amma duk wanda ya zo da waƙar zambo domin a buga, ko nawa ya ɗora a kan tebur, Malam yakan ba shi haƙuri ya raka shi har bakin ƙofa.

Yawancin waƙoƙin da ake kawo mana da ajami suke zuwa, wasu a littafin makaranta mai layi, wasu a warwatse a cikin fata, gefensu ya cinye. Aikina na farko shi ne in juya su zuwa boko. A nan na fara gane cewa kowane rubutu yana da abin da yake bayyanawa da abin da yake ɓoyewa. Ajami yana nuna dogon wasali da gajere, saboda haka wanda ya iya shi yana ganin karin waƙa da ido tun kafin ya rera, amma tsofaffin marubuta ba su cika bambanta ba da ɓa ba, sai ka tsaya a kan kalma kana tunanin ko bari ake nufi ko ɓari. Boko kuma ya raba waɗannan da ƙugiya, amma ya rufe tsawon wasali gaba ɗaya. Ita ma ƙugiyar ta ba mu wuya a shekarun farko, domin kwamfutarmu ba ta da haruffan ɓ da ɗ da ƙ. Sai mu fitar da shafi a kan farar takardar da ake gani ta cikinta, in zauna da alƙalami mai siririn baki ina ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu, shafi bayan shafi, Malam yana bi da jan biro a kan kwafi yana ƙirga waɗanda na tsallake. Daga nan in ɗauki shafukan in hau mota zuwa Sakkwato, inda ake yin fulet, wato farantin ƙarfen da ake ɗauke hoton shafi a kansa, a buga a babban inji, in dawo da su a ɗaure, mu baza a kan tabarma mu jera, mu naɗe, mu ɗinke, mu yanke baki. Littafinmu yakan kasance shafi talatin da biyu ko arba'in da takwas, domin irin wannan ɗinki sai da adadin da yake rabuwa huɗu.

A shekarata ta uku a wurin ne wani saurayi ya zo daga wani ƙauye na ƙasar Gwandu da littafin kakarsa a cikin leda. Kakar tasa jaji ce ta 'yan taru. Wanda bai san tsarin ba, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ce ta kafa shi, ta zaɓi dattawan mata daga ƙauyuka, ta koyar da su ta hanyar waƙa, ta ba su malfa alamar jagoranci, su kuma su koma su koyar da 'yan'uwansu mata. Ta rasu a 1864, amma har yanzu akwai jajoji a ƙasarmu masu riƙe da wannan amana. Wannan tsohuwa, ban da waƙoƙin da ta gada, tana da nata guda bakwai da ta tsara da kanta, shida na wa'azi da tarbiyya, ɗaya kuma marsiyya ce ga ɗiyarta da ta rasu wurin haihuwa ta bar jinjiri. Malam ya karanta marsiyyar a tsaye, ya zauna ya sake karantawa, sannan ya jawo aljihun tebur ya girgiza gwangwani.

A daidai lokacin ciwon ido ya kama shi, aka yi masa aiki, likita ya hana shi karatu na wasu makonni, sai ya bar mini littafin gaba ɗaya. Ni kuwa a lokacin na fara jin kaina, na karanta ƙa'idojin rubutun Hausa, na san cewa daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina mafi yawanta a kan karin harshen Kano, ita ce ake koyarwa a makaranta kuma ita ake rubuta jarrabawa da ita. Da na ga waƙoƙin tsohuwa cike da munka da sunka da anka, da wanga da wagga, da shina da ɗiya, sai na ɗauka alheri zan yi mata idan na gyara, domin littafinta ya shiga makarantu kada a ce Hausar ƙauye ce. Na bi baiti bayan baiti na maida munka muka, sunka suka, anka aka. Ban gaya wa Malam ba, domin ban ga abin faɗa a ciki ba. Aka buga kwafi ɗari biyar, bango kore, muka ɗinke muka yanke.

Ranar da muka kai mata, idon Malam ya fara warkewa amma yana sanye da baƙin tabarau. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura, tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, mata da 'yan mata sun taru a bayanta ba ma ganinsu sai dai mu ji motsinsu. Ba ta karanta boko, saboda haka ta shafa bangon da tafin hannu, ta juya shi, ta miƙo mini ta ce in karanta mata ta ɗiyarta. Na buɗe na fara. Akwai ɗangon da take faɗin isarsu gidan bayan an aiko musu da labari, wanda a bakinta yake cewa:

Munka zo, munka iske gida ba uwa.

Ni kuwa na karanta abin da na buga, muka zo, muka iske. Ban kai ƙarshen baitin ba ta ɗaga hannu.

Ta ce, “Ɗan nan, tsaya. Mi kac ce?”

Na maimaita. Ta yi shiru har na ji kukan akuya a bayan gida, sannan ta juya wajen Malam ta ce, “Malam, wagga ba waƙata ba ta. Ni munka nic ce. Ran da munka tai gidan nan, ƙahwahuna ba su ɗaukata, da kyar nika jan su. Shi ko yaronka ya sa ni gudu.”

Daga nan ta rera ɗangon da kanta, da muryar da ta tsufa amma ba ta karkace ba, matan da ke bayanta suka amsa. A nan na ji da kunnena abin da na yi. Mun gaɓa ce mai nauyi, murya tana sauka a kanta ta ɗan tsaya, mu kuwa gaɓa ce marar nauyi da harshe yake wucewa ta kanta. Waƙar tana tafiya ne a kan dogo, gajere, dogo, sau huɗu a kowane ɗango, tafiyar mai ɗauke da kaya a ka. Da na cire harafin nan ɗaya, sai farkon ɗangon ya koma gajere, gajere, dogo, ya zama sassarfa, ƙarshensa kuma ya tsaya a yadda yake, waƙar ta riƙa ɗingishi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na sunkuyar da kai na ce, “Inna, ki gafarce ni, ni ne na taɓa, Malam bai sani ba.” Ta ce Allah shi gafarta mana duka, amma kada a raba littafin da sunanta.

A mota Malam bai ce mini komai ba har muka wuce Ambursa. Can ya ce masana aruli, wato ilimin karin waƙa, za su iya kare ni, domin karin waƙar Mutadarik ne, wanda malamai suke cewa Ahfash ne ya ƙara shi a kan karin waƙa goma sha biyar na Halilu, malamin Larabcin da ya fara tsara wannan ilimi, kuma sauke harafi na biyu mai ɗauri a ƙafarsa zihafi ne, wato ɗan sauyin kari, da aka yarda da shi, har Larabawa suna kamanta wannan nau'i da sassarfar doki. Ya ce to amma tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Halilu ba ta riga ta zaɓi tafiyar da ta dace da baƙin cikinta, kuma ba a ba ni waƙar domin in zaɓar mata wata ba.

Kwafi ɗari biyar ɗin nan ba mu iya sayar da su ga masu ƙosai ko masu tsire su yi ƙunshi ba, kamar yadda ake yi da takardar da ta lalace, domin kowace waƙa ta buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi. Muka kai su bayan gidan Malam muka ƙona, muka haƙa rami muka binne tokar. Gwangwani babu komai a ciki, sai Malam ya ɗauki kuɗin da ya tanada domin ragon layya ya ba ni na koma Sakkwato. A shekarar nan bai yi layya ba, kuma bai cire ko kwabo daga albashina ba, ko da yake na roƙe shi ya cire. Abin da ya ɗora mini shi ne karatu. Kullum bayan la'asar, idan aiki ya lafa, sai ya zaunar da ni ya rera ɗango, ni kuma in riƙa buga tebur da yatsa, dogo da tafin hannu, gajere da ɗan yatsa, har na iya raba karin Basiɗ da na Kamil da na Wafir da na Rajaz da kunne, na san ƙwar biyu da ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyu da mai ɗango biyar, na san yadda ake warware ramzi, wato kalmar da mawaƙi yake ɓoye shekarar da ya gama waƙa a cikinta ta hanyar lissafin haruffa.

Daga wannan lokaci maɗaba'ar ta sami ƙa'idoji biyu da ba mu taɓa karyawa ba. Babu waƙar da za ta tafi fulet sai an koma wurin mai ita an karanta masa da murya daga farko har ƙarshe, idan kuma ya rasu, a karanta wa wanda ya haddace ta daga bakinsa. Sannan duk waƙar da ta zo da ajami, da ajaminta za a buga ta a shafin dama, boko a shafin hagu, kalmomin da baƙo ba zai gane ba a yi musu bayani a ƙasa da ƙananan haruffa. Wannan ya ninka mana takarda, amma shi ne ya sa littattafanmu suka shiga hannun mutanen da ba su taɓa sayen littafin boko ba. Ban zama mai ƙin daidaitacciyar Hausa ba, ga shi da ita nake wannan rubutu, kuma na yarda cewa makaranta da jarida da wasiƙar hukuma suna bukatar Hausa ɗaya da mutumin Yawuri da na Haɗeja za su haɗu a kanta. Amma waƙa a baki aka gina ta, kuma ina jin takaici idan na ɗauki wani littafi na ga an yi wa mawaƙin ƙasar Kabi ko Zamfara irin abin da na yi, an aske masa harshe, mai karatu yana tuntuɓe yana zaton mawaƙin ne bai iya ba.

Bugu na biyu na littafin Inna Jaji ya ƙare cikin 'yan watanni, kuma ba a kantin littattafai ya ƙare ba. Jajoji ne suka riƙa aiko da jikokinsu suna saye goma goma. Haka sauran littattafanmu suke tafiya: masu baza littattafan addini a ƙofar masallaci ranar Juma'a suna karɓa bashi su biya idan sun sayar, wani mai kai albasa daga Aliero yana ɗaukar mana ɗauri ɗaya a gaban mota, wani dattijo a Kamba yana tsallakawa da su Gaya har Doso, inda ajami ya fi boko kasuwa a wurin masu sayenmu. Akwai wani makaho mai bara da waƙa a tasha, wanda yake zuwa da ɗan jagoransa duk lokacin da muka fitar da sabon littafi, ya zauna a kan benci in karanta masa sau uku, ya tashi da rabinsa a ka. Ba ya sayen littafi, kuma Malam ya hana a karɓi komai a hannunsa, domin ya ce mutanen da suke jin waƙoƙinmu daga bakinsa sun fi waɗanda suke karantawa yawa.

A ƙofar shagon ne kuma majalisar waƙa ta tsiro, ba tare da wani ya shirya ta ba. Asabar ɗin farko ta kowane wata ana shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, mai sabuwar waƙa ya karanta, a tattauna har a kira magariba. Akwai malaman makaranta, da tela, da ma'aikacin asibiti, da ɗalibai daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Kwalejin Waziri Umaru ta nan Birnin Kebbi, wani lokaci har da masu bincike daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da suke neman waƙar da za su yi nazari a kanta. Mata ba su zama a cikinmu, amma suna aiko da nasu a rubuce a karanta, kuma uku daga cikin littattafan da muka buga na mata ne. An sha yin gardama mai zafi a kan waƙoƙin matasa marasa kari da amsa-amo. Dattawa suna cewa zube ne aka yayyanka, matasa suna cewa zamani ya wuce aruli. Malam ya buga wa biyu daga cikinsu littafi, abin da ya ɓata wa wasu abokansa rai, amma sai da ya sa kowannensu ya tsara masa ƙwar biyu baiti ashirin a kan kari tukuna, domin ya tabbatar da zaɓi suka bar ƙa'ida, ba don ta gagare su ba. Ni ma a kan wannan nake har yau.

Shekarun baya-bayan nan sun yi mana nauyi. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, hanyar Kamba ta tsaya. A daminar 2020, lokacin ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar, ruwan sama ya karya rufin ɗakinmu na baya cikin dare, muka wayi gari takardar da muka saya domin littafi biyu ta zama dusa. Abin da ya tsira shi ne akwatin ƙarfe da Malam yake ajiye rubuce-rubucen mutane a ciki, domin a kan bulo huɗu yake ɗora shi saboda gara. Masu sayen littattafanmu manoma ne, wanda kuwa ruwa ya ci gonarsa ba ya tambayar littafin waƙa. Bayan damina ta gaba Malam ya kwanta ciwo, ya rasu a gidansa da asuba, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa. Da aka zo rabon gado, iyalinsa suka bar mini injuna in riƙa biya a hankali, uwargidansa kuma ta aiko mini da gwangwanin madarar a cikin ɗankwali.

Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, tayar da janareto na awa ɗaya ya zama abin da sai an yi lissafi, kuɗin takarda kuma ya tashi har ba na iya buga ɗari biyar a tashi ɗaya. Yanzu ina fitar da hamsin ko ɗari a injin shago, idan sun ƙare in ƙara. Ƙugiya ta daina ba da wahala, domin ko a waya akwai ta. Matasan majalisa sun koya mini ɗaukar murya, saboda haka duk wanda muka buga wa littafi muna ɗaukar karatunsa da bakinsa a tura ta WhatsApp, kuma na ga amfanin haka, domin da akwai wannan a zamanin Inna Jaji da yanzu muna da muryarta. Sai dai na ga waya ta faɗa ruwa da waƙoƙin mutum na shekara biyar a ciki, na ga kuma waƙa ta zaga gari an cire sunan mai ita an sa na wani, don haka ban bar takarda ba.

A ƙasan akwatin ƙarfen nan, bayan rasuwarsa, na tarar da wata gafaka da ban taɓa gani ba. Waƙoƙin Malam ne na kansa, da ajami, wasu tun yana saurayi yana koyarwa a ƙauye. Duk shekarun da muka yi yana buga na mutane, bai taɓa sa nasa a layi ba, ban da guda ɗayan nan da ta haɗa ni da shi. Na nemi izinin iyalinsa, sun ba ni, kuma yau wata takwas ke nan ina juya su da dare bayan na rufe shago. Na gama duka sai guda ɗaya, ƙwar biyar ce da ya yi wa mahaifiyarsa, wadda gara ta ci tsakiyar ɗango na huɗu a baiti na sha ɗaya tun kafin takardar ta shiga akwati. Karin ya nuna mini cewa gaɓa uku ce ta ɓace, gajere da dogo biyu, kuma ina da kalmomi aƙalla huɗu da za su zauna a wurin ba wanda zai gane. Na bar wurin da ɗigo uku.

Makon jiya na je gaishe da uwargidansa, na tambaye ta ko ta san waƙar. Ta ce yakan rera ta a tsakar gida idan yana alwalar asuba a shekarun farko na aurensu, amma ba za ta iya kawo kalmar haka kawai ba, sai dai idan ta ji an rero mata daga farko da irin muryar da yake yi, wataƙila bakinta ya kai ta. Na ce mata, “Inna, ban iya muryarsa ba.” Ta ce in dai zo. Mun yi da ita ranar Alhamis bayan la'asar, zan tafi da takardar da babban ɗansa, kuma tun daren jiya nake maimaita baiti goman farko ina buga tebur.